Baƙin Bargo a Tagata

Zuwa ga Goggona,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya aiki, ya ciwon bayan nan da zaman keken ɗinki yake sa miki? Mu nan lafiya lau muke. Umma ta ɗan yi mura wajen kwashe kaya, amma ta warware. Baba yana nan yadda kika san yayanki, ya fita da safe, ya dawo da yamma ya tambayi wa ya bar famfo yana ɗiga.

Kin san ba na iya magana a wayar Baba, yana tsaye a kaina yana jiran a miƙa masa abarsa. Shi ya sa na rubuto. Kawu direba zai kawo miki idan ya yi lodi ta wajenku.

Goggo, mun tare a gidan da Baba ya saya, kuma an ba ni ɗakin sama ni kaɗai. Ƙarami ne, gado da teburi da akwatin littattafaina sun cinye shi, in zan rufe ƙofa sai na ɗage ƙafa. Amma tagar! Babba ce, ta gilashi, haske yana zubowa har kan filona. Ranar farko a bakinta na zauna na karance littafi guda ban kunna fitila ba. Na ji kamar ni ce yarinyar cikin labarin, wadda take zaune a bene ba ta san me take jira ba.

Sai dai tagar tana kallon wani siririn lungu ne ta bayan gida, wanda ba ma bi ta cikinsa. Ƙetaren lungun akwai bene mai matakala a waje, a samansa asibitin haƙori. Inda matakalar ta yi kwana daidai yake da tagata, in mutum ya tsaya nan ya miƙo doguwar tsintsiya zai taɓa gilashin. Baba yana gani ya ce a rufe. Labulen tsohon gidanmu bai kai ba, sai Umma ta ciro baƙin bargon nan mai nauyi, aka buga ƙusoshi aka rataya.

Yanzu da rana tsaka ɗakina kamar cikin tulu. Idona har ruwa yake in na matsa wa karatu. Sai magariba ta yi nake yaye bargon in sha iska, tunda lokacin duhu ya shiga ba mai ganina, in kunna fitila in ci gaba da littafina.

Akwai kuma wata magana. Na rubuta na goge, na sake rubutawa. Tun da aka rataya bargon, akwai wani mai farar rigar ma'aikatan asibiti. Kowace safiya muna haɗuwa a bakin taga. Yana hawowa sai ya tsaya daidai kwanar, ya juyo, ya gyara wuyan rigarsa, ya shafa kansa, sannan ya yi mini murmushi har haƙoransa duka su fito. Ban san yadda yake sanin ina wurin ba. A littattafai an ce zuciya tana gane abin da ido bai gani ba. Idanunsa suna jirana, ni ma na fara jiransu, ƙirjina yana dukan uku-uku.

Ke da kike ɗinka wa manyan otal labule, don Allah wane iri ne zai bar haske ya shigo amma ya tare ido? Ko da yake, in zan faɗi gaskiya, ban tabbata ina son ya tare idon gaba ɗaya ba. Ni kaina ban gane kaina ba.

Taki,
'yarki da kike kira Uwata

*

Goggona,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, don shirunki ya fara ba ni tsoro. Mu lafiya muke a jiki. Ko wasiƙata ta iso? Matar Kawu ta ce motarsa ta lalace a hanyar dawowa, yana can yana jiran kayan gyara. In amsarki tana aljihunsa, to tana can tana shan baƙin mai.

Wani abu yana faruwa a gidan nan da ban gane kansa ba. Baba ya daina yi mini wasa. Da in na kawo masa ruwa sai ya ce, "Malama mai littafi, yau wa ya auri wa?" Yanzu sai ya karɓa ya kalle ni ya kawar da kai. Rannan ya hawo ɗakina, abin da bai saba ba, ya ɗaga bargon ya daɗe yana kallon matakalar, ya sake shi ya fita. Na duba ko wani abu na fasa, ban ga komai ba. Na tuna ko sakamakon makaranta ne, shi kuma ba a ba mu ba tukuna.

Jiya sai ga shi da birkila. Mutumin ya shigo da ƙafarsa duk siminti, ya taka mini darduma, ya auna tagar sama da ƙasa, ya ce, "Maigida, a toshe duka ko a bar 'yar kafar iska a sama?" Baba ya ce a bar kafa, amma ta fi ƙarfin tsayin mutum.

Goggo, toshe mini taga za a yi. Da bulo.

Na tambayi Umma laifin me na yi, ta ce, "Ke kika sani." Na ce wallahi ban sani ba. Ta ce, "To ki je ki tambayi zuciyar taki mai bugawa." Daga ina Umma ta san zuciyata tana bugawa? Ko a fuska ake gani? Na tsaya gaban madubin banɗaki na duba, ni dai ban ga komai ba sai ƙurji ɗaya a goshi.

Birkilan ya ce sai ya gama katangar da yake yi a ƙasan layi sannan ya zo. Don Allah ki yi sauri da maganar labulen. Wataƙila in Baba ya ga mai kyau ya fasa.

'Yarki

*

Uwata,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, bayan ma da sauƙi. Wasiƙarki ta farko ce a hannuna, yanzu Kawunki ya miƙo mini, kuma yana tsaye zai juya, don haka ki yi haƙuri da rubutun.

Ke yarinyar nan, kanki ɗaya kuwa? A kan keke na karanta, saura kaɗan allura ta ɗinke mini yatsa da labulen mutane. Kuna haɗuwa a bakin taga? Kowace safiya? Wane ne shi, ɗan wa ne, shekarunsa nawa? Mutumin kirki ta ƙofa yake zuwa ya yi sallama, ba ya laɓe a matakala yana washe wa 'yar makaranta baki. Kuma har kina gaya mini ba kya son labulen ya tare ido duka. Ni za ki sa in ɗinka miki hanyar zance?

Ba zan ɓoye miki ba, na ari waya na kira Yaya na gaya masa akwai wanda yake zuwa miki taga. Ki ji haushina yau, gaba za ki gode mini. Na ce masa kada ya yi miki faɗa, ya dai sa ido.

Maganar labule kuwa, zan ɗinka miki mai kauri mai shafi biyu wanda ko fitilar mota ba ta ratsa shi. Kada ki aiko mini da awon hannu, hannunki ba nawa ba ne. Ki yanko zare biyu, ɗaya tsawon tagar ɗaya faɗinta, ki yi ƙulli a na tsawon, ki sa a ambulan.

Ki gaida Ummanki. Ki rage karatun soyayyar nan, ya fara fito miki ta hanci.

Goggonki

*

Goggo,

Ina gaisuwa. Lafiya lau. Kawu ya dawo jiya, ya ba ni wasiƙarki duk tabon mai. Na karanta a tsaye, sannan na zauna na sake karantawa.

Ashe ke ce.

Goggo, ban taɓa yi masa magana ba. Ban san muryarsa ba, ban san sunansa ba. Tagar ma a rufe take, bargon a sake. Ta gefen bargon nake leƙawa, ta wata 'yar kafa da ido ɗaya kawai take ɗauka. Da na ce muna haɗuwa, ai haka ake rubutawa a littafi, idanu su haɗu. Ban san za ki ɗauka tsayawa muke muna hira ba. Ni da ko mai kanti ba na iya ce wa canjina bai cika ba, sai in dawo gida in yi kuka?

Kin ce wa Baba ya sa ido, shi kuma ya sa bulo. An riga an kawo su, suna jibge a tsakar gida kusa da famfo, da buhun siminti an lulluɓe shi da leda. Duk sanda na sauko sai na ratsa ta gefensu. Katangar ƙasan layi ta kai kafaɗa, na je na gani da idona da aka aike ni.

Na yi niyyar yi wa Baba bayani. Na tsaya bakin ƙofar falo na shirya maganar tsaf, yana ɗagowa ya ce "Mene ne?" sai na ji bakina ya ce, "A kawo shayi?"

Kuma ko na iya magana, me zan ce? Ai mutumin yana zuwa. Yau ma ya zo. Ya yi murmushin, har ya ɗan karkata kai gefe ya sake yi. In ba ni yake yi wa ba, wa yake yi wa? In kuma ni yake yi wa, to Baba ya yi gaskiya ke nan? Amma ni me na yi? Kaina ya ɗaure, Goggo. Taga kawai nake so. Ba na son in zauna a ɗakin da sai an kunna fitila ake sanin gari ya waye.

Ga zaren nan. Na yi ƙulli a ɗaya, amma da na naɗe su sai na manta ko a na tsawon na yi. Tagar dai ta fi tsawo a tsaye.

Ban ji haushinki ba. Na ɗan ji.

'Yarki

*

Uwata,

Ina amsa gaisuwa, ina kuma ba ki haƙuri. Wasiƙunki biyu suka iso mini tare, ta birkila da ta zare. Na karanta na rasa inda zan sa kaina. Abokiyar aikina ta ce me ya same ni, na ce na yi wa 'yar yayana yankan da ba a auna ba.

Na sake kiran Yaya na ce na yi gaggawa, yarinya ko magana ba ta yi da kowa ba. Ya ce, "Amma yana tsayawa ko ba ya tsayawa?" Na ce yana tsayawa. Ya ce to magana ta ƙare. Kin san shi, tun muna yara in ya ƙulla abu baki ba ya kwance shi, sai ya gani da idonsa.

Na koma kan wasiƙarki ta farko, wannan karon a zaune. Akwai abu biyu da suka tsaya mini a rai, amma ba zan faɗa miki zatona ba. Na yi zato sau ɗaya na jawo miki bulo.

Ga dai yadda muke yi a wurin aiki. In mun rataya labule ba ma tsayawa a cikin ɗaki mu ce ya yi. Ɗayarmu takan fita ta tsaya daidai inda mai kallo zai tsaya, ta kalli tagar. Kuma sau biyu ake yi, da rana, da kuma bayan an kunna fitila. Ke tun da kuka tare daga ciki kawai kike kallo. Ki ja Ummanki ku zagaya lungun nan ku hau matakalar. Ki bar bargon yadda yake da safe. Da magariba kuma ki bar ɗakin yadda kika saba barinsa, ku sake zuwa. Na san za ki ce kunya. Ki ɗauki kunyar ki tafi da ita, ba nauyi gare ta ba kamar bulo.

Ga ƙunshi nan Kawunki zai ba ki. Na fasa mai shafi biyun. Labule biyu ne da sanduna biyu. Farin shara-sharan na yi masa tattara sosai, faɗinsa ya ninka zarenki, kada ki ce na yi kuskure, tattarar ce take rikita ido. Shi ne zai zauna jikin gilashi. Mai kaurin, mai launin ruwan madara, yana gabansa ta cikin ɗaki. Kada ki rataya sai kun je kun dawo.

A na faɗin kika yi ƙullin, sarauniyar mantuwa.

Goggonki

*

Goggona,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ƙunshi ya iso, na gode Allah ya ƙara buɗi. Farin yana da laushi kamar a sa a fuska.

Mun je. Ina ma ƙasa ta tsage.

Umma da farko ta ƙi, ta ce ita ba za ta je ta tsaya a matakalar mutane kamar mai tallan goro ba. Da na nuna mata wasiƙarki sai ta ɗauki mayafi. Muka zagaya da safe, lungun duk ruwan wanke-wanke, muka hau har kwanar. Na juya na kalli tagata.

Goggo, ni na gani. Ni, da hijabina a karkace, da Umma a bayana, da sararin sama. Gilashin da baƙin bargo a bayansa ya zama madubi, ya fi na banɗakinmu kyau. Ko alamar 'yar kafar da nake leƙe ba a gani.

Ban gama haɗiye wannan ba sai ga takun mutum. Shi ne. Kusa da kusa ya fi yadda nake zato tsufa, har da 'yar furfura a gefen kunne. Ya ce, "Sannunku Hajiya, haƙori ne? Likita bai iso ba tukuna." Umma ta ce a'a, wucewa muke. Wucewa, a kan matakala! Ya ce, "To ku ɗan matsa mini kaɗan." Muka matsa. Ya tsaya a gaban tagata, ya gyara wuyan riga, ya shafa kai, ya washe baki, ya sa farce ya ciro wani abu a tsakanin haƙoransa.

Ya ce, "Allah ya yi wa masu gidan nan albarka. Tun da suka rataya baƙin abin nan na huta. Likitanmu in ya ga ko ɗigon abinci a haƙorin ma'aikaci, ranar ba zaman lafiya."

Umma ta riƙe ƙarfen matakala tana dariya har da hawaye. Mutumin ya tsaya yana kallonta, ya ce ko ciwon ne ya motsa. Ni ban san yadda aka yi na sauko ba.

Na ce ba zan koma da magariba ba, Umma ta ce ai ko don ta ƙarasa dariyarta sai mun koma. Na yaye bargon na kunna fitila yadda na saba, muka fita. Wannan karon ba ta yi dariya ba. Komai a fili, Goggo. Gadona, teburina, rigar makarantata a rataye, har hoton bangon littafin da na kife a kan filo. Kamar akwatin talabijin a ɗaki mai duhu.

Sai ga wata dattijuwa mai sharar asibitin ta sauko da bokiti. Ta kalle ni, ta kalli tagar, ta ce, "Au, ke ce mai wasan kwaikwayon? 'Yar nan kina ƙoƙari. Shekaranjiya da kika nuna wa filo ƙofa kika juya baya kika dafe ƙirji, sai da na ajiye tsintsiya. Ya dawo kuwa?"

Wato da rana, lokacin da ba mai iya ganina, na zauna a duhu ina ɓuya. Da magariba kuma, lokacin da kowa yake ganina, na buɗe ina karanta wa filo maganganun cikin littafi da hannu da ƙafa. Dattijuwar ta ce ita kaɗai ce take saura a benen a lokacin, amma ta ina zan tabbata?

Yanzu ga inda na rasa mafita. In na nuna wa Baba na safe, zai ga ba wanda yake zuwa wurina. In ya ga na magariba, da hannunsa zai ɗora bulon bai jira birkila ba. Umma ta ce a nuna masa na safe kawai a yi shiru. Ni kuma hankalina bai kwanta da hakan ba, ban san dalili ba. An gama katangar ƙasan layi, har an yi mata shafe. Me zan yi?

'Yarki

*

Goggona,

Assalamu alaikum, da fatan kina lafiya, bayan kuma ya ƙara sauƙi. Mu lafiya. Amsarki ba ta iso ba, kuma birkila bai jira ta ba.

Mun riga mun ɗaura sandunan ni da Umma, muka rataya labulenki, muka tura su gefe, bargon yana nan jikin gilashi. Washegari da safe na ji ƙarar shebur a tsakar gida. Na leƙa, birkila ya fasa buhu yana kwaɓa siminti, Baba yana tsaye a kansa da kofin shayi.

Na sauko tsakar gida. Na tsaya. Baba ya ce, "Mene ne?" Na ji "a kawo shayi" ta taso mini har maƙogwaro, ga shi kuma shayin yana hannunsa. Sai na ce, "Baba, don Allah ka zo ka tsaya a wani wuri."

Ya ce, "Wane wuri?"

Na ce, "Inda mutumin yake tsayawa."

Birkila ya ce, "Maigida, siminti ba ya jiran mutum fa." Baba ya ce ya ƙara masa ruwa. Ya ajiye kofin ya fita, Umma ta bi shi, ni na koma sama na sa ido a kafar bargo.

Na ga ya hawo fuska a murtuke. Ya tsaya a kwanar ya juyo. Ya kalli tagar. Goggo, sai ya sa hannu ya gyara hularsa.

Ta cikin gilashi ina jin dariyar Umma. Ta yi masa bayani tana nuna sama, tana nuna haƙoranta. Ni kuma na cire bargon daga ƙusoshin, na ja farin labulen, na ɗan buɗe gefen tagar don mu ji juna. Haske ya cika ɗakin, mai laushi, har ƙurar kan teburina na gani.

Baba ya ce, "Kina ciki?"

Na ce, "Ina ciki."

"Me kike yi?"

"Na ɗaga hannu."

"Wanne?"

"Duka biyun."

Ya matso har jikin ƙarfe, ya kare ido da tafin hannu, ya ce, "Ni fari kawai nake gani." Na ga kafaɗunsa sun sauko. Da a nan aka tsaya da shi ke nan. Amma sai na ji bakina yana cewa, "Baba, da magariba in an kunna fitila ana ganin komai. Kuma na daɗe ina buɗewa ban sani ba." Umma ta zaro mini ido ta cikin labulen da ba ta ganina. Har yanzu ban san me ya sa na faɗa ba. Wataƙila don ranar ce kawai bakina ya buɗe, sai komai ya fito.

Baba ya juya. Ya sauko ya ce wa birkila ya yi amfani da kwaɓin ya gyara gindin famfo, maganar taga sai gobe. Yinin ranar ban iya cin abinci ba.

Da aka idar da magariba ya ce in hau in kunna fitila. Ya zagaya shi kaɗai. Da farin kawai, ya ce, "Ina ganin har kunnenki." Na ja mai kaurin. Na ji takunsa yana hawa sama, yana saukowa, yana tsayawa. Can ya ce, "Gefen hagu akwai tsaga." Ya dawo gida ya ɗauko guduma, ya hawo ɗakina ya buga 'yar ƙugiya a bango, ya maƙala bakin labulen da kansa, ya sake zagayawa ya duba.

Da ya dawo ya tsaya bakin ƙofata ya ce, "Labule kafin fitila. Ran da na ga fitila kafin labule, bulo yana nan, ban mayar ba." Na ce to. Ya juya zai sauka, ya ce, "Kuma a bar filon nan ya huta." Umma ce ta gaya masa, na sani, ko da ta rantse.

Bulon yana nan jibge kusa da famfo, Umma ta fara shanya tsumma a kai. Tagata kuma tana nan. Wannan wasiƙar a bakinta nake rubuta ta, ban kunna komai ba, inuwar tattararki tana kwance a kan takardar.

Ɗazu mai farar rigar ya hawo. Ya tsaya a kwanar, ya juyo, ya kai hannu wuyan riga, sai ya tsaya. Ya matso, ya ƙura wa tagar ido sosai, ya ɓata rai, ya yi tsaki ya wuce. Ina zaune a gabansa da littafi a cinya, ba ta kafa nake leƙe ba. Yau ne karon farko da ya kalli tagata da gaske, kuma bai ga kowa ba. Na san murna ya kamata in yi, kuma ina yi. Amma na karanta shafi ɗaya har ya ƙare ban san me aka ce a ciki ba.

Wannan kada ki kira kowa a kai, Goggo. Don Allah.

Taki,
Uwarki